Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga alƙalai, limamai da masu unguwanni kan renon yaro bayan saki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta malamai, ranku ya daɗe iyayen ƙasa.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in yi muku magana a kan wani al'amari da ke zuwa gabanku kusan kullum, a kotu, ko a zaure, ko a kan tabarmar masallaci bayan la'asar. Aure ya mutu, akwai ƙaramin yaro a tsakani, ana neman a san hannun da zai zauna. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne an taɓa aika ni na ɗauko irin wannan yaro, kuma har yau abin bai bar raina ba.

Shekara bakwai ke nan. Yayana ya saki matarsa, ta koma gidansu da goyon ɗansu namiji. Aka ƙyale ta sai da yaron ya kai wata ashirin da biyu, lokacin yaye, sannan dattawan gidanmu suka ce a je a karɓo shi. An zauna a zauren mai unguwa, maganar ba ta kai minti ashirin ba. Mahaifinta da kansa ya ce, "Ai ɗa na ubansa ne, mu me za mu yi da shi?" Aka shafa fatiha aka tashi. Ba wanda ya kira uwar, ba kuma wanda ya tambayi halin yaron.

Washegari da hantsi na je a kan babur, da ƙanwata don ta riƙe shi. Na tarar uwar ta yi masa wanka, ta shafa masa mai, ta sa masa kwalli. Ta ɗaure kayansa a ɗankwali: 'yan riguna, takalmin roba, da wani ƙaramin kofi da yake shan koko da shi. Da ta kwance goyon ta sauke shi, sai ya kama gefen zaninta da hannu biyu. Sai da aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, kuma ni na ɓamɓare su. Ita ta shige ɗaki ta saki labule, don ɗan fari ne, kada a ce ba ta da kara.

Kwana uku yana kuka. Ya tsaya a bakin soro yana kiranta har muryarsa ta dishe, ya ƙi tuwo, ya ƙi koko, duk wanda ya miƙa masa hannu sai ya buge. A rana ta huɗu ya yi shiru. Ya koma gindin randa ya zauna da kofin nan a hannu yana tsotson yatsa. Hajiyarmu, Allah ya saka mata da alheri don ta yi iya ƙoƙarinta a kansa, ta ce, "Alhamdulillahi, ya saba." Bayan kamar wata biyu, yaron da aka sani da ƙyuya ya zama kowa ya ɗauke shi sai ya je, har mai tallan da ya shigo gida. Muka ce ya ware. Da uwar ta samu ta zo ganinsa bayan wata biyar, ta kawo masa biskit. Ya dube ta, ya karɓi biskit ɗin, ya juya ya tafi. Wata a cikin gidan ta ce, "Kin gani, har ma ya manta da ke." Duk muka ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa abin da muka yi daidai ne.

Sai bayan shekaru na karanta cewa abin da na gani a gindin randar nan yana da suna, kuma an daɗe da rubuta shi daki-daki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Turai ta cika da yaran da suka rabu da iyayensu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, ya tattara abin da aka sani game da halin da irin waɗannan yara ke shiga, rahotonsa ya fito a 1951. Wani abokin aikinsa, James Robertson, ya riƙa zama a ɗakunan jinyar yara a asibitoci yana lura. A wancan zamani asibitocin Ingila da yawa ba sa barin iyaye su riƙa zuwa wurin yaransu sai jefi-jefi, don ma'aikata sun ga cewa duk lokacin da uwa ta zo ta tafi sai yaro ya tayar da hankali, in kuwa ba ta zo ba sai ya kwanta shiru. Su ma cewa suke yi ya saba.

Robertson da Bowlby suka nuna cewa ƙaramin yaron da aka raba da wanda ya shaƙu da shi yakan bi matakai uku. Da farko bore: kuka, kira, sa ido a ƙofa, ƙin kowa. Daga nan fid da rai: ya yi shiru, ya janye jiki, ya rage cin abinci da wasa. In rabuwar ta yi tsawo sai ya shiga na uku, wato ya ɗauke zuciyarsa. Zai koma cin abinci, zai yi wa kowa murmushi, zai je hannun kowa, amma in uwar ta zo sai ya nuna kamar bai san ta ba, ya fi damuwa da tsarabar da ta kawo. Da na kai wannan layin sai na ajiye takardar, don biskit ɗin nan na tuna. A 1952 Robertson ya ɗauki hoton fim na wata yarinya 'yar shekara biyu da 'yan watanni da ta yi kwana takwas a asibiti, don likitoci su gani da idonsu. Da farko sun yi masa ca, sun ce ƙarya yake wa asibitoci. Amma a 1959 wani kwamiti da gwamnatin Ingila ta kafa ya ba da shawarar a buɗe wa iyaye ƙofa su riƙa ganin yaransu a kowane lokaci, a kuma bar uwa ta kwana da ƙaramin ɗanta in da hali.

Abin da nake roƙon ku ku riƙe, Allah ya gafarta malamai, shi ne wannan shirun. Idan uba ya tsaya a gabanku ya ce, "Yaron yana nan lafiya ƙalau, ko cigiyarta ba ya yi," mai yiwuwa gaskiya ya faɗa game da abin da ya gani. Amma rashin cigiya a yaro ɗan shekara biyu ba ya nuna kwanciyar hankali. Sau da yawa ya kira ne har ya gaji, ba a amsa ba, ya daina.

Na san abin da ake cewa: ana ciyar da shi, ana tufatar da shi, me ya rasa? A Amurka, a jami'ar Wisconsin, wani masani mai suna Harry Harlow ya gwada wannan tambaya da jariran birai, ya bayyana sakamakon a 1958. Ya haɗa musu uwayen bogi guda biyu, ɗaya ta waya tsirara amma da kwalbar madara a jikinta, ɗaya an lulluɓe ta da tattausan ƙyalle ba madara. Biran suka riƙa zuwa wurin ta wayar su sha su bar ta, su koma su manne da mai ƙyallen tsawon yini. In aka tsorata su, wurin mai ƙyallen suke gudu. Gwaji ne mai ban tausayi, amma ya rushe tunanin cewa abinci ne kaɗai ke haɗa ɗa da uwa. Kowace mace da ta taɓa goyo ta san haka ba tare da an kai ta Amurka ba.

Akwai kuma masu cewa wannan duk na Turawa ne, mu gidajenmu cike suke da kakanni da goggonni da yayye, yaro na kowa ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma sai a lura da abu biyu. Na farko, babban ginshiƙin wannan ilimi a Afirka aka kafa shi. Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki da Bowlby, ta zauna a Yuganda a 1954 da 1955 tana ziyartar gidaje 26 a ƙauyukan da ke kusa da Kampala. A nan ta ga yadda jariri ke ɗaukar uwarsa kamar turke: ya yi rarrafe ya tafi wasa, ya waiwayo ya tabbatar tana nan, ya ci gaba. In baƙo ya shigo ko wani abu ya ba shi tsoro, ya komo jikinta, hankalinsa ya kwanta, ya sake fita. Yaron da ya san turkensa na nan shi ne ya fi ƙarfin halin yin nisa. Na biyu, an yi irin wannan nazari a cikin Hausawa su kansu. A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa, cikinsu har da Robert LeVine, suka wallafa abin da suka gani a jarirai 18 na Hausawa a Najeriya. Sun tarar lalle kowane jariri yana da masu kula da shi da yawa, kuma ya shaƙu da mutum uku ko huɗu. Amma a cikinsu akwai ɗaya da ya fi nema, yawanci wanda ya fi ɗaukarsa da hulɗa da shi. Yawan hannaye rahama ne a gidajenmu, sai dai bai sa hannayen sun zama ɗaya a wurin yaro ba. Kuma a lamarin saki, mutum ukun ko huɗun nan galibi duk suna gidan da za a ɗauke shi daga ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da muke zaɓa. Ƙyuya tana fara bayyana wajen wata bakwai zuwa tara, kuma daga nan zuwa shekara uku ne rabuwa ta fi yi wa yaro zafi, don ya isa ya san wanda ya rasa, bai isa a yi masa bayani ya gane ba. Bai san "jibi" ba, bai san "bayan salla" ba. Mu kuwa daidai tsakiyar wannan lokaci muke jira, mu ce an yaye shi, a kawo shi. A rana ɗaya ya rasa nono, ya rasa baya, ya rasa ɗakin da ya sani da muryar da ke lallashinsa cikin dare.

Ranku ya daɗe, ba na buƙatar in koya muku shari'a, daga bakinku muka ji ta. Ina tuni ne kawai da abin da muka karanta a zaure a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid: reno bayan saki na uwa ne, har namiji ya balaga, har mace ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, sai kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Wannan shi ne mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke aiki da ita. Ba a ce har yaye ba. Mun san hadisin matar da ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce wannan ɗan nata cikinta ne ya zama masa mazubi, nononta abin sha, cinyarta mafaka, ga shi ubansa ya sake ta yana so ya ƙwace shi. Ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Abu Dawud ya ruwaito shi.

Imamu Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya rabu da matarsa, mahaifiyar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya kama dantsensa ya ɗora shi a gabansa a kan abin hawa. Kakar yaron ta cim masa, ta yi jayayya da shi, har suka je gaban Sayyidina Abubakar. Umar ya ce ɗana, ita ma ta ce ɗana. Abubakar ya ce ya bar mata shi, Umar bai ƙara cewa komai ba. A wata ruwayar Abubakar ya faɗa wa Umar cewa ƙamshin uwar da shimfiɗarta da cinyarta sun fi wa yaron alheri a kan zama da uban har ya girma. Ƙamshinta, in ji halifan Annabi. Duk lokacin da na tuna Umar ya ɗora ɗansa a kan dabba aka sa ya sauke shi, sai in tuna babur ɗina, da cewa ni ba wanda ya tare ni a hanya.

To, in shari'a ta fito fili haka, me ya sa muke yin akasinta? Ni dai abin da na gani a gidanmu da maƙwabta, kuɗi ne da fushi. Uba ba ya son ya riƙa aika kuɗin ciyarwa gidan surukan da suka yi faɗa, yana ganin ita za ta ci. Dangin matar su ma talauci ya yi musu yawa, ga 'ya ta dawo, ga ƙarin baki, sun kuma san kuɗin ciyarwar ba zuwa zai yi ba, sai su ce a kai masa ɗansa. Ita kanta bazawarar ana raɗa mata cewa ba mai aurenta da agola, gara ta sauke nauyi tun da wuri. Wata kuma cikin zafin rai take dire yaron a ƙofar gidan uban ta ce ga ɗanka nan. Kowa yana da dalilinsa, kuma a duk zaman da na taɓa halarta ban ji an yi maganar abin da yaron zai ji ba. Alƙur'ani ya ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada kuma a cutar da uba saboda ɗansa. Mun mayar da yaro sandar dukan juna, mun manta sandar ita ma tana jin dukan.

Shi ya sa nake ganin maganar ciyarwa ita ce mabuɗi, kuma tana hannunku. In alƙali ya bar wa uwa reno amma bai yanke adadin kuɗin wata-wata ba, ko ya yanke bai bi sawu ba, to kamar bai ba ta ba ne, yunwa za ta mayar da yaron cikin wata uku. A rubuta adadin, a faɗi ranar biya, a sa wanda za a riƙa biya ta hannunsa in ba sa son haɗuwa. Masu unguwanni, ku da kuka san kowane gida da abin da mai shi ke samu, kun fi kowa iya wannan.

Kada a ɗauka ina cewa uwa kullum ita ce daidai, ko uba ba shi da wuri. Malamai sun sa wa reno sharuɗɗa, hankali da amana da iya kulawa da amincin wurin zama, kuma akwai uwar da ba ta cika su ba. Akwai yaron da tun yana jariri kakarsa ta wajen uba ce ke goya shi, ita ce turkensa, ɗauke shi daga wurinta ma ciwo ne iri ɗaya. Uba kuma shi ne waliyyi, tarbiyya da karatu suna wuyansa, kuma yaro yana shaƙuwa da ubansa, hana shi ganinsa zalunci ne. Abin da nake roƙo shi ne kafin a shafa fatiha a yi tambaya guda: in yaron nan ya farka cikin dare da zazzaɓi, wa yake kira? Mata sun san amsar. A aika a tambaye su, ko a sa wata dattijuwa ta shiga gida ta gani.

In kuwa dole ta sa a sauya masa hannu, don uwa ta yi aure kuma ba kaka ba inna, ko don wani uzuri na gaskiya, to akwai hanyar da ta fi sauƙi. Robertson da matarsa Joyce sun karɓi wasu ƙananan yara a gidansu lokacin da iyayensu mata suka je haihuwa asibiti. Suka saba da yaran tun kafin ranar rabuwa, suka kawo kayan kwanciyarsu da na wasansu, suka riƙa yi musu zancen uwayensu da nuna musu hotunansu, mutum ɗaya ya tsaya a kansu dare da rana. Yaran sun yi kewa, amma ba su faɗa cikin irin halin yaran asibiti ba. Mu ma za mu iya. Wadda za ta karɓe shi ta riƙa zuwa ya san ta. Ya fara wuni ya dawo kafin ya fara kwana. A bar masa zanin goyonsa. A sa mutum ɗaya takamaimai, kada a ce yana hannun gida. Kada a raba shi da yayyensa, a ba wannan ɗaya a ba wancan ɗaya kamar ana rabon gado. A rubuta ranakun da zai ga uwarsa a cikin sulhun, kada a bar shi ga ganin damar uba ko amaryarsa. Kuma don Allah a daina yi wa yaro ƙarya. Mu mun riƙa ce masa ta je kasuwa yanzu za ta dawo, ya yi ta kallon ƙofa, har ya koyi cewa maganar manya ba abin riƙewa ba ce.

Limamai, mun sha jin huɗuba a kan haƙƙin miji da haƙƙin mata da illar yawan saki. A shekaruna na zuwa Juma'a ban taɓa jin an ware huɗuba guda a kan reno ba. Maza da yawa da gaske suke ɗauka cewa shari'a ce ta ba su yaro da zarar an yaye shi, yayana ma haka ya ɗauka, ni ma haka. Da mun ji daga mumbari cewa Annabi ya ce wanda ya raba uwa da ɗanta Allah zai raba shi da masoyansa ranar alƙiyama, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito, ina kyautata zaton da mun tsaya mun yi tunani kafin in tayar da babur.

Yaron yanzu yana gab da shekara tara, yana aji uku a firamare, yana da ladabi, kowa na yabonsa da rashin fitina. Bai daina fitsarin kwance ba sai da ya kai bakwai. In ba shi da lafiya ba ya faɗa wa kowa. Sau biyu ana samunsa a bayan ƙofa kwance jikinsa zafi rau. Masana sun ce irin wannan rauni yana iya warkewa in yaro ya samu wanda ya tsaya masa ba ya gushewa, kuma da wannan nake kafa fata. Na roƙi yayana har ya yarda, yanzu ni nake kai shi wurin mahaifiyarsa duk Juma'ar ƙarshen wata, a gidan da ta yi aure. Shekara guda yana durƙusawa ya gaishe ta kamar baƙuwa, ya koma gefena ya zauna har mu tashi. A watan jiya ne ya matsa da kansa ya kwantar da kai a cinyarta, barci ya ɗauke shi. Ta yi mini alama da hannu kada in yi motsi, muka zauna a haka har aka kira magariba.

Allah ya ƙara muku basira, ya taimake ku a kan amanar da ke wuyanku.

Wassalam,
Ɗanku, baffan wani yaro.